Ba a Nazarin Waƙa a Bar Kalangu a Waje

Makon nan an kawo mini kundin digiri na wata ɗaliba kan waƙoƙin biki a Sabo ta Badun. Ta yi ƙoƙari, ta rubuta baitoci, ta fitar da jigo da salo. Amma ko sau ɗaya ba ta ambaci kalangu ba, balle amshi. Raina ya ɓaci, kuma laifin na masu duba ta ne.

Hausa harshe ne mai karin sauti, haka Yarabanci. Shi ya sa kalangu ke iya faɗin take, gangar dundun ta maƙwabtanmu Yarabawa ke iya kirari. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, murya ta hau, ya sassauta ta sauka, kamar yadda baki ke yi. Wanda ya kwashe kalmomi ya zubar da kiɗan, rabin magana ya ɗauka. A ina mawaƙi ke jan wasali don ya cike kari? Yaushe yake bin karin kalma, yaushe yake karya shi saboda rauji? Wannan ai shi ne nazarin.

Kuma hanya a share take. Ames da King sun fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971. Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku kan Shata a 1975. Farfesa Sa'idu Gusau ya daɗe yana nanata cewa kiɗa ginshiƙi ne a waƙar baka. Marigayi Russell Schuh a Amurka ya zauna yana auna gaɓoɓin waƙoƙinmu da bugun kiɗa.

Za a ce ɗaliban Hausa ba su karanci kiɗa ba. To a koya musu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Sabo kanta. Tun 1916 muke nan. Abner Cohen ya zo ya rubuta littafinsa na 1969 kan goro da shanu da Tijjaniyya, duniya ta san mu da fatauci. Kiɗanmu fa, da ya shekara ɗari yana jin gangar Yarabawa ta bayan katanga? Jami'ar Badun na kusa da mu, ga Cibiyar Nazarin Afirka a ciki. Tsofaffin kaset na ruɓewa a shaguna, masu kalangun kuma suna tsufa.

Malamai, ku daina sa hannu a kundin waƙa in babu sautin da aka naɗa tare da shi.