Abin da ba a ɗaure ba a cikin mota makami ne

 Yau zan fara da tambaya: in mota tana gudun kilomita 60 a awa, gudun nawa akwatin da ke bayan kujerarka yake yi?

Da yawa za su ce ai akwatin a zaune yake, motar ce ke gudu. To ba haka ba ne. Akwatin ma gudun kilomita 60 yake yi, haka kai, haka kwalbar ruwan da ke kan cinyarka. Ba ka jin haka ne saboda tare kuke tafiya. Ranar da motar ta tsaya cak ba shiri, a ranar za a ga bambanci: mota ta tsaya, amma duk abin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiyarsa har sai ya sami abin da zai tare shi. Sau da yawa abin da ke tare shi ƙeyar mutum ce.

Wanda ya yi darasin Fiziks a babbar sakandare ya san wannan. Ita ce doka ta farko a dokokin motsi da Isaac Newton, masanin nan na Ingila, ya wallafa a 1687: abin da ke tafiya ba ya tsayawa da kansa sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. Muna haddace ta don jarrabawar WAEC da NECO, mu manta da ita a bakin ƙofar aji. Alhali a tashar mota aka fi bukatarta.

Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Kilomita 60 a awa daidai yake da mita 16.7 a daƙiƙa. A ce mota ta daki wani abu ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Raba 16.7 da 0.1, ka sami 167. Yanzu ɗauki akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, cike da littattafai da garin kwaki da sukari, mu ce nauyinsa kilo 15. Ninka 15 da 167, ka sami ƙarfin da ya kai Newton 2,500, wato kwatankwacin nauyin kilo 250. Buhun siminti biyar ke nan. Duk abin da zai tsayar da akwatin nan a cikin wannan ɗan lokaci, igiya ce, ko bayan kujera, ko wuyan ƙanwarka da ke zaune a gabansa, sai ya ɗauki wannan nauyi. Kuma ƙarfin dukan ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in gudu ya ninka sau biyu, dukan ninkawa yake sau huɗu.

Yanzu ku tuna irin lodin da muke gani kullum. Ranar komawa makaranta, a motocin da ke tashi daga Daura zuwa Katsina ta Mashi, ko zuwa Kano ta Kazaure, in but ya cika sai a jibga akwatuna da bokitai a bayan kujerar ƙarshe har su kai rufin mota, daidai saitin kawunan fasinjoji. Ranar kasuwar Mai'adua kuwa, ga buhuna, ga awaki, ga mutane a kan kaya. Da damina, a-kori-kura kan kwashi yara da matasa zuwa gona tare da fartanya da galma da adda da gatari, duk a zube a ƙasa tsakanin ƙafafu. Babu wanda ya yi nufin cutar da kowa. Amma birki ɗaya saboda akuya ta gitta ya isa ya mayar da addar nan mashi.

Ƙananan kaya ma ba a raina su. Kwalbar ruwa ko ta lemo da aka yar a ƙasan mota tana iya gangarawa ta shige ƙarƙashin birki, direba ya taka ya ji ya ƙi sauka. Waya da abin cajinta da aka ajiye a gaban gilashi sukan zame a kwana, direba ya kai hannu zai cafke, idonsa ya bar titi. Tukunyar gas a tsaye ake ɗaukarta, a rufe bakinta sosai, a ɗaure ta, a bar iska tana shiga, kuma ba a barinta a motar da aka rufe a rana. Jarkar fetur ba ta zama inda mutane suke zaune, domin tururinsa ma yana kama wuta, balle in akwai mai shan sigari.

Amma a cikin duk kayan da ake sakawa a mota, akwai guda ɗaya da ba ya jiran hatsari kafin ya yi kisa. Bindiga ke nan.

Wani zai ce ina ruwan ɗan sakandare da bindiga? Mu 'yan ƙasar Daura mun san ba baƙuwarmu ba ce. Duk hawan Sallah da Sallar Gani muna jin ƙarar bindigogin masu rakiyar Mai Martaba Sarki, muna ganin hayaƙinsu. A ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua akwai mafarauta, akwai 'yan sintiri masu gadin gari da dare. A 2023 gwamnatin Jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma saboda matsalar tsaron da ta addabi wasu sassan jihar. Waɗannan mutane iyayenmu ne da yayyenmu da maƙwabtanmu. Suna hawa babur, suna shiga mota, wani lokaci mu ne a gefensu. Wani lokaci ma ɗayanmu ake cewa, “Kai yaro, riƙe min wannan in gyara zama.”

Ya kamata ku san yadda bindigar toka take. Ta baki ake ɗura mata albarushi da harsashi, a danna su ciki. Da zarar an ɗura, fitar da su ba ƙaramin aiki ba ne, hanya mafi sauƙi ita ce a harba. Shi ya sa wasu kan bar ta a ɗure su yi tafiya da ita haka. Ga shi yawancinsu ƙirar hannu ce, ba su da makullin da ke hana tashi irin na bindigogin zamani. Mota ta faɗa rami, ko kunamar ta maƙale a igiya ko a hannun riga, ko wani kaya ya faɗo a kanta, tana iya tashi ba tare da kowa ya taɓa ta ba. A cikin mota kuwa babu inda bakin bindiga zai kalla a ce babu mutum kusa. Ƙofar mota ma siririn ƙarfe ne, harsashi na iya huda ta ya sami mai tafiya a gefen titi.

Ƙa'idojin da masu sanin makami suka yarda da su a ko'ina ba su da yawa. Kowace bindiga a ɗauke ta a matsayin ɗurarriya, ko da mai ita ya rantse babu komai a ciki. Ba a shiga mota da ita sai an sauke abin da ke cikinta. A sa ta a kube ko a naɗe ta, a kwantar da ita a but, a ɗaure yadda ba za ta yi ta birgima ba. Albarushi da harsashi su tafi a wani mazubi daban, nesa da wuta da zafin inji. Ba a jingina ta a kujera, ba a riƙe ta tsakanin gwiwoyi bakinta na kallon haɓa. Ba a barinta a motar da babu kowa, inda yaro ko ɓarawo zai kai gare ta. In an zo saukewa, ba a jawo ta ta baki, domin mai jawo bindiga ta baki ƙirjinsa ya saita.

Doka ma ta yi magana. Dokar mallakar bindiga ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta ɗora mallakar bindiga a kan lasisi, kuma ta hana ba da lasisin ga wanda bai kai shekara 17 ba. Ma'ana, mafi yawanku ba ku da hurumin riƙe bindiga ko na minti ɗaya. Don haka in aka miƙo maka, ƙin karɓa ba tsoro ba ne. Mu kuma da muke zaune kusa da iyakar Kongolam, inda shingayen jami'an tsaro suke da yawa, mun san irin wahalar da mutum zai shiga in aka sami makami a hannunsa ba takarda. “Ba tawa ba ce, riƙo aka ba ni” ba ta cika fitar da mutum da wuri ba.

A Islamiyya ma an karantar da mu cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya umarci mai wucewa da kibau a kasuwa ko masallaci ya kame tsininsu don kada ya ji wa wani rauni, kuma ya hana nuna ɗan'uwa da makami. In kibiya da ke hannun mai ita aka yi wa wannan tsaro, ina ga bindiga ɗurarriya a motar da ke tsalle a kan ramuka?

Na san inda matsalar take. Ba sanin ne ke mana wuya ba, faɗar ce. An tarbiyyantar da mu kada mu yi wa babba gyara, kuma tarbiyya ce mai kyau. Yarinya 'yar aji uku za ta ga an ɗora tukunyar gas a kwance a bayan kanta, gabanta na faɗuwa, amma ta yi shiru don kada a ce ta cika iyayi. Yaro zai ga bakin bindigar kawunsa na kallon cikinsa tun daga Sandamu har Daura, ya kasa cewa uffan. In wani abu ya faru sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne ƙaddara tana hannun Allah, amma Shi ne Ya ba mu hankali da igiya da baki.

Ana iya yin magana ba tare da rashin kunya ba. Sirrin shi ne ka roƙa, kada ka koyar, kuma ka haɗa da hannunka. “Baba direba, don Allah ko in taimaka mu sauke akwatin nan ƙasa? Ina tsoron kada ya faɗo wa Inna.” Ko kuma, “Kawu, don girman Allah a juyar da bakinta, ni dai tsoro nake ji.” Ko, “Yaya, akwai wani abu a cikinta? In akwai, a sauke kafin mu tashi.” Da wuya babba ya ji haushin yaron da ya ce tsoro yake ji. Kuma lokacin maganar shi ne kafin mota ta tashi, ba bayan an hau titi ba. In tasha ce aka ƙi saurarenka, akwai shugabannin ƙungiyar direbobi a wurin, ka gaya musu cikin ladabi. In duk an ƙi, kuma kana da hali, jira mota ta gaba. Makara a makaranta bulala ce ko shara, ana warkewa.

Ga abin da za ka iya yi da kanka ba sai ka nemi izinin kowa ba. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, a manne su da bayan kujera, masu sauƙi a sama, kuma kada lodi ya wuce tsayin kujera. Adda da lauje da gatari a naɗe bakinsu da buhu a ɗaure su wuri ɗaya. Jakarka ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunka, a zuge. Ka riƙa tafiya da 'yar igiya a akwatinka, ba ta da tsada. Sannan kada ka manta kai ma kaya ne: fasinjan baya da bai ɗaura bel ba, in aka yi karo, shi ne buhun da zai daki na gaba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, da aka kafa a 1988, ta daɗe tana wannan kira, amma jami'inta ba ya cikin motarku. Kai ne a ciki.

Garinmu ne ke da Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Ba mamaki wasu daga cikinku su zama injiniyoyin da za su tsara motoci da hanyoyin gobe. Aikin yana farawa daga lura da abin da ke bayan kujerarka yau.

Aikin gida na wannan mako: buhun gero mai kilo 50 yana bayan motar da ke gudun kilomita 72 a awa, motar ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Nauyin kilo nawa igiyar da aka ɗaure shi da ita za ta riƙe? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku. In kun samo ta, ku karanta wa wani direba a gidanku ko a unguwarku. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.