Hoton Fim Da Hoton Waya: Wanne Ya Fi Riƙon Amana?

'Yan'uwana mata, musamman na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, yau zancenmu a kan hoto ne.

Duk wadda aka yi bikinta kafin wayar hannu ta iso ƙasar nan a 2001 ta san yadda abin yake. Ranar kamu ko ranar suna sai a aika a kira mai hoto. Fim ɗinsa guda ba ya wuce hoto 24 ko 36, saboda haka ba ya dannawa sai kowace ta gyara ɗaurin kallabinta. Sa'an nan a yi ta jira, sai fim ya cika ya kai shi Kano a wanke. Wani lokaci ya dawo ya ce haske ya shiga, fim ya ƙone. Shi ke nan, ba a sake biki. Wannan babban aibi ne, ba musu.

Amma fa wanda ya fito ya zauna. Yana nan cikin albam a ƙasan akwati, har jika ta zo ta ga kakarta da lalle.

Abin mamaki, a kamfanin Kodak na Amurka, masu yin fim ɗin, wani injiniya Steven Sasson ya ƙera kyamarar farko marar fim a 1975, ga shi a 2012 bashi ya kai kamfanin gaban kotu. Yanzu 'yar makaranta in an kai su yawon buɗe ido dam ɗin Tiga sai ta ɗauki hoto ɗari, ko kwabo ba ta biya ba. Madalla. To, bayan shekara biyar ina suke? An sace wayar a kasuwa, ko ta faɗa ruwa, ko memori ya lalace.

Ɓacewar ma da sauƙi a kan yaɗuwa. A da, mai son kwafin hotonki sai ya nemo negatif. Yau kuwa in kin tura wa mutum ɗaya ta WhatsApp ya fita hannunki, goge naki ba ya goge wanda ya riga ya adana. 'Yan mata, saurayin yau ba lalle shi ne mijin gobe ba. Mu ma matan aure da laifinmu: a shiga ɗakin amarya, mata sun tuɓe mayafi ana raha, sai wata ta ɗaga waya ba sallama ba izini. Hoton nan zai iya isa wayar mijin wata kafin ita ta isa gida.

Ni dai a ganina waya ta fi fim wajen ɗauka, takarda ta fi waya wajen ajiya. Masu wanke hoto ba su ƙare ba, daga waya ma suke fitarwa yanzu. Kowane biki ki zaɓi biyar ko shida a wanke miki, ki rubuta suna da shekara a baya. Ke ta Doguwa ki sa naki a leda, kowanne daban, domin danshin damina yakan manne su.