Batirin da ya bi hannu uku kafin ya iso Kurmin Mashi

Batirin litiyum da ke cikin wayar kowa, har da ɗan'uwansa da ake haɗa wa sola a gidajen Kurmin Mashi da ke Kaduna, ba mutum ɗaya ya ƙirƙiro shi ba. Stanley Whittingham ne ya fara a kamfanin mai na Exxon a shekarun 1970, sai dai nasa kan kama da wuta. A 1980 John Goodenough na Jami'ar Oxford ta Ingila ya gano haɗin litiyum da kobalt mai ƙara wa batiri ƙarfi, jami'ar kuwa ko rajistar mallaka ba ta yi masa ba. Akira Yoshino, ma'aikacin kamfanin Asahi Kasei a Japan, shi ya karanta takardar binciken Goodenough, ya haɗa sinadarin da kabon a 1985, aka sami batirin da za a iya sa wa a aljihu. Sony ta kai shi kasuwa a 1991. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 2019, Goodenough yana da shekara 97.

Tarihin Yoshino ya fi ɗaukar hankalina. Digirinsa na uku sai 2005 ya same shi daga Jami'ar Osaka, shekara 20 bayan aikin. Wato can ƙofa a buɗe take tsakanin masana'anta da jami'a, mutum ya shiga ta nan ya fita ta can.

Mu ma ba mu rasa masana ba. A Jami'ar Ahmadu Bello an daɗe ana binciken sarrafa farar ƙasar Ƙanƙara ta zama sinadarin tace man fetur, ga kuma cibiyar binciken sinadarai ta Basawa. Amma malami ya san ƙarin girma na zuwa ne da yawan takardun da ya wallafa, to me zai kai shi gareji?

Alhali gareji ma makaranta ne. Mai gyaran batiri a Kurmin Mashi, rigarsa duk hujin asid, ya san wane batiri ne ke kumbura a zafin Afrilu, da wanda ruwansa ke saurin ƙafewa. Da hannu tsirara yake taɓa dalma, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ɗalibin digiri na biyu daga Jami'ar Jihar Kaduna zai iya zama da shi zango guda, yana awo yana rubutawa, muddin sashensa ya yarda ya lissafa wannan a matsayin bincike.