A Bar Yara Su Taɓa da Hannunsu

Zuwa ga dattawa, fastoci, Zumuntar Mata da dukan 'yan'uwa na Kurawa, Sabon Birni, Isa da kewaye.

Akwai magana guda da yaranmu suka fi ji daga bakinmu: "Kada ka taɓa!" A gida kada ka taɓa rediyo, a majami'a kada ka taɓa lasifika, a gona kada ka taɓa injin ban ruwa. In yaro ya yi tambaya kuma, sai a ce ya yi shiru manya na magana. Ladabi abu ne mai kyau. Amma ina ganin mun wuce gona da iri, har muna kashe wata baiwa da Allah ya sa a cikin yaro, wato son sanin yadda abu yake aiki.

Shekarun baya, lokacin da hanya take da lafiya, na kai wa wani ɗan'uwana ziyara a Yamai tare da jikokina biyu, ɗaya mai shekara 6, ɗaya mai shekara 8. Ya kai mu Gidan Tarihi na Ƙasa na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959. A cikinsa akwai namun daji, da samfurin gidajen Hausawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani, da masu sana'a suna aiki a gaban jama'a, da ƙasusuwan wani ƙaton kada mai tsawon kusan mita 11 da aka tono a yankin Agadas.

Abin da na lura shi ne, kayan da aka rufe cikin gilashi yaran ba su daɗe a kansu ba. Amma da muka zo wurin masaƙi, ya miƙa wa ƙaramin ƙoshiya ya ce ya gwada, sai da na ja hannunsa kafin mu tafi. A wurin kadan nan kuwa, babbar ta tako tsawonsa daga kai zuwa wutsiya tana ƙirgawa, sannan ta juyo ta ce, "Kaka, wannan ma Allah ne ya yi shi? To me ya sa babu irinsa a gulbin Rima?" Ban da amsa a ranar. Har yau yarinyar nan ba ta manta da kadan ba, alhali darussa da yawa da na koya mata da baki sun bi iska.

Masana sun daɗe da gane wannan. A 1969 wani malamin kimiyya, Frank Oppenheimer, ya buɗe wani gida a birnin San Francisco na Amurka mai suna Exploratorium, inda aka juya dokar gidan tarihi: a nan ana so yaro ya taɓa, ya juya, ya ja, ya ga abin da zai faru. Yau irin waɗannan gidaje sun bazu a duniya. Mu a ƙasar Gobir ba mu da ko ɗaya, kuma halin tsaro da muke ciki ya sa ko zuwa Sakkwato da yara sai an yi addu'a an yi shawara. Makarantu da dama sun sha rufewa, iyalai da yawa sun yi gudun hijira. Saboda haka ba ina cewa mu yi hayar mota mu tafi Yamai ba ne. Ina cewa mu kawo abin cikin harabar ikkilisiya.

Ƙasarmu kanta gidan kimiyya ce. Masana sun nuna cewa a zamanin da, teku ya taɓa rufe wannan yanki na Sakkwato. A duwatsun wajen Goronyo, nan kusa da mu, an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku, kuma a 1972 masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus, wato da sunan garin. Dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina, daga ɓawon halittun wancan teku ya samu. Ke nan simintin da muka shafe bangon majami'armu da shi yana da labari. Yara nawa ne a Makarantar Lahadi suka taɓa jin wannan?

Na san damuwar wasu dattawa, kuma ban raina ta ba. Za a ce, in yaro ya ji masana suna lissafin miliyoyin shekaru, ina ya bar Littafin Farawa? Amsata ita ce, zai ji ko mun so ko ba mu so ba, a sakandare ko a wayar abokinsa. Masu bi na gaskiya sun bambanta a kan yadda suke fahimtar kwanakin halitta, amma sun haɗu a kan Wanda ya yi halittar. Gara yaro ya fara kawo tambayarsa gaban fasto ko malaminsa na Makarantar Lahadi, a ce masa "zo mu bincika tare", da a kore shi ya tafi da tunanin cewa bangaskiyarmu tana tsoron tambaya. Sa'ad da Toma ya ce sai ya gani ya taɓa, Ubangiji bai kore shi ba, ya nuna masa hannuwansa. Sa'ad da almajirai suka hana yara matsowa, almajiran ne aka tsawata wa.

Mu tuna da Michael Faraday na Ingila. Ɗan maƙeri ne, bai yi karatu mai zurfi a makaranta ba. A 1831 ya gano yadda maganaɗisu yake haifar da lantarki, kuma a kan wannan ne janareton da muke kunnawa ranar Lahadi yake aiki. Mutumin nan dattijo ne a wata 'yar ƙaramar ikkilisiya marar yawan jama'a, kamar namu. A lokacin Kirsimeti yakan tara yara a Landan ya koya musu kimiyya, har ya yi jerin darussa a kan kyandir guda. Kimiyya ba ta raba shi da Ubangijinsa ba.

Wasu kuma za su ce ina kuɗin? To, a nan Arewa wani malami, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don kayan miya su daɗe ba su lalace ba. A shekarar 2000 duniya ta karrama shi da lambar yabo ta Rolex. Kayan aikinsa yumɓu ne da yashi da ruwa.

Ga shawarata. Sau ɗaya a wata, bayan sujada, a ajiye tebur guda a inuwa na minti 30. A cire maganaɗisu daga tsohuwar lasifika, yara su ja shi cikin yashi su ga baƙin ƙarfe yana mannewa. A kifa kofin gilashi a kan kyandir su ga wuta ta mutu, a tambaye su dalili kafin a faɗa musu. A sa ƙwai a ruwan gishiri ya taso. A daka 'ya'yan zogale a zuba a ruwan gulbi su ga laka tana kwanciya. A rufe farantin sola da zane su ga fitila ta dushe. Kowane yaro ya shuka wake a kwalba ya riƙa aunawa. Abin da ya shafi wuta, babba ya tsaya a kai. Muna da makanikai da masu gyaran waya da ma'aikatan asibiti a cikinmu, kowa ya ɗauki wata guda. 'Yan mata su tsaya a gaba daidai da maza. In yaran maƙwabta suka zo da yardar iyayensu, a karɓe su hannu biyu.

Mu 'yan kaɗan ne a wannan ƙasa. Ba mu da manyan gonaki ko sarauta da za mu bar wa 'ya'yanmu. Gadon da za su iya ɗauka duk inda gudun hijira ya kai su shi ne tsoron Allah da kai mai tunani da hannu mai iya aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙon dattawa su sa wannan magana a zaman majalisa mai zuwa, a zaɓi mutum guda, a ba shi tebur da rana.

Ubangiji ya tsare mu da yaranmu, ya dawo da salama a ƙasar Gobir. Amin.