Mai Haɗa Magunguna Da Jinyar Ciwon Ajali

Sau da yawa likitoci a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ko Asibitin Tarayya na Keffi sukan sallami mai ciwon daji wanda cutarsa ta yi nisa, su ce a koma da shi gida. A gari kamar Uke, wanda ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi, daga ranar nan nauyin jinya ya koma kan iyali ke nan, kuma ma'aikacin lafiyan da ya fi kusa da su shi ne mai kantin magani.

Kula da wanda aka fid da ran warkewarsa fanni ne mai zaman kansa. Cicely Saunders ce ta kafa gidan jinya na St Christopher's a London cikin 1967 domin irin waɗannan majinyata. A cikin 1986 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku na kashe zafin ciwon daji, watau a fara da irin su farasitamol, sa'an nan kodin, in abin ya faskara a ba da mofin. Ƙa'idar ita ce a sha ta baki, kuma a kan lokaci, ba sai azaba ta dawo ba.

To, a nan ne aikin mai haɗa magunguna ya ke. Shi zai fahimtar da iyali cewa ruwan mofin ana shansa ne bayan kowane awa huɗu yadda likita ya rubuta, kuma yana sa taurin bayan gida, saboda haka dole a haɗa shi da maganin sassauta ciki. Shi zai binciki magungunan da majinyaci ke sha, har da na gargajiya, kada wani ya yi karo da wani. Haka kuma shi zai gargaɗe su su kulle maganin, su mayar da ragowarsa bayan rasuwa.

Amma fa akwai cikas. Mai kemis na unguwa ba shi da iznin ajiye mofin, galibi sai a manyan asibitoci ake samunsa. Bugu da ƙari, ɓarnar shaye-shaye, wadda ta sa Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin cikin 2018, ta sa jama'a suna ɗari-ɗari da duk wani magani mai ƙarfi. Mai ciwon gaskiya shi ke shan wahalar wannan tsoro.

Ƙasar Uganda ta nuna hanya, domin tun 1993 Dokta Anne Merriman ta fara kai ruwan mofin mai araha gidajen majinyata. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da NAFDAC su horad da masu haɗa magunguna masu rajista, su ba su amanar wannan aiki a ƙarƙashin sa ido. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ajali ya kusanto yana da hakkin ya cika cikin natsuwa a gaban iyalinsa.