Fagen Wasanni: Ƴan matan Nokia da wasan zobe

Tun kafin a san sunan Nokia a jikin wayar salula, sunan gari ne kusa da birnin Tampere, a ƙasar Finlanda. A nan aka kafa ƙungiyar Nokian Urheilijat cikin shekara ta 1926, wadda ta haɗa wasanni iri-iri, har da guje-guje da tsalle-tsalle.

Cikin abubuwan da suka ɗaukaka sunanta akwai ringet, wasan da Sam Jacks ya ƙago wa ƴan mata a Kanada cikin 1963, zamanin da maza suka mamaye filayen ƙanƙara. Juhani Wahlsten ya kai shi Finlanda cikin 1979. Ana yin sa bisa daskararren ruwa, mutum shida kowane ɓangare, da miƙaƙƙiyar sanda da zoben roba. An hana bangaza, kuma zobe ba ya ƙetare shuɗin layi sai an miƙa wa abokiyar wasa, saboda haka dole a taimaki juna.

Ƴan matan Nokia sun kai rukunin farko, har sun ɗauki kofin ƙasa. Ƙungiya ta buɗe wa mata ƙofa, riba kuwa ta dawo gida.