Jawabi Ga Masu Zagin Littattafan Soyayya Ba Su Karanta Ba

Ku sani, ya ku 'yan'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta yi yawa a bakin iyaye da malaman makaranta da dattawan unguwa, har ta zama kamar abin da ba shi da jayayya. Wai littattafan hikaya na kasuwa, waɗanda a ke kira littattafan soyayya, su ne suka ɓata mana 'ya'ya, kuma wai maganinsu shi ne a ƙwace a ƙone. Ni kuwa na ce wannan hukunci zalunci ne, domin an yanke shi ba a ji ta bakin wanda a ke ƙara ba. Na sha tambayar masu faɗin haka, wane littafi ne, wa ya rubuta shi, kuma a wane shafi ɓarnar ta ke? Mafi yawansu sai su yi shiru, ko kuwa su ce sun ji an ce. Alƙalin da ya ke yanke shari'a da "an ce", kowa ya san sunan da a ke kiransa da shi a gari.

Da farko bari in tuna muku asali, don wanda bai san mafari ba ya kan ɗauki tsohon abu sabo. A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a hannun Dokta East, ta sa gasar rubuta labari da Hausa. Daga 1934 aka buga littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na Malam John Tafida tare da shi East. Shi East ɗin da kansa ya ba da labari cewa wahalarsa ta fari ita ce shawo kan malamai su yarda ƙirƙiren labari aiki ne da ya cancanci mutum mai hankali, don a wurinsu tatsuniya sha'anin mata ne da yara. To, ku duba. Littattafan nan da a yau a ke ɗora wa yara a makaranta, a ke jarraba su a kansu, a ke cewa su ne adabi na ƙwarai, a ranar haihuwarsu da irin wannan ido na raini aka dube su. Ɗaya daga cikin marubutansu kuwa shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, labarin da ya rubuta bai rage masa mutunci ba ko da ƙwayar gero.

Sa'an nan ku san yadda littattafan kasuwa suka samu. A 1976 gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta ga kowa, yaran da iyayensu ba su taɓa riƙe littafin boko ba suka cika azuzuwa. A Kano kuma, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, matan aure da yawa suka koyi haɗa baƙi. Da waɗannan dubban suka iya karatu, me aka tanadar musu su karanta? Kuɗin mai ya faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan makaranta inda riba ta ke tabbas. An koya wa mutane cin tuwo, sa'an nan aka rufe madafa. Sai samari da matan aure suka tashi da kansu, suka rubuta, suka tara 'yan kuɗinsu suka kai wa masu injin bugu, suka raba labari kashi na ɗaya da na biyu don talaka ya iya saye, 'yan kasuwa suka baza shi daga Kano har Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta riga ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, Talatu Wada Ahmed ta biyo da Rabin Raina, aka kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama a Kano. Wannan aiki hukuma ce ya kamata ta yi shi. Ba ta yi ba, talakawa suka yi, kuma ladan da aka ba su shi ne zagi.

In wani ya ce, ai ba kome a cikinsu sai "ina sonki, kina sona", sai in ce masa ya zo mu buɗe. Ga Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Labarin wata mace ne mai 'ya'ya tara, mijinta ɗan kasuwa ya ƙi ciyar da gida, ya auro wata, ya kore ta da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Ina tambayarku, a wace unguwa ce babu irin wannan gida? Ga kuma Wa Zai Auri Jahila? nata, a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka ba tsoho. Ga In Da So Da Ƙauna na Malam Ado Ahmad Gidan Dabino, a kan iyayen da suka fifita mai dukiya suka ƙi wanda 'yarsu ta ke so don talaka ne, har ta jefa kanta rijiya. Auren dole, da sakin wawa, da zaman kishi, da maraya a hannun matar uba, da gadon da aka cinye, waɗannan su ne kayan cikin littattafan nan. Su ne kuma ƙararrakin da suka cika kotunanmu kullum safiya. Abin da na fahimta shi ne, da yawa daga masu fushi da littattafan nan, abin da ya ƙona musu rai shi ne mata sun sami bakin faɗin abin da a ke yi musu a bayan katanga, kuma sun faɗa a inda maza ba su da ikon cewa a yi shiru. A 2012 wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, fassarar Malam Aliyu Kamal. Mutanen nesa sun ga abin ɗauka a ciki, mu da ke kusa muna neman ashana.

In wani ya ce, ai kwaikwayon finafinan Indiya su ke yi, ba al'adarmu ba ce, sai in ce, a wasu haka ne, ban musa ba. Amma wa ya ce muku aro sabon abu ne? Malam Abubakar Imam bai ɓoye ba cewa ya ɗebo daga littattafan Larabawa sa'ad da ya ke rubuta Ruwan Bagaja. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, cike ya ke da labarun da asalinsu na Alfu Laila ne da na Indiya da na Turai, ya sa musu riga da hula suka zama Hausawa. Abin tambaya ga mai aro shi ne, ya ɗinka rigar daidai da jikinmu ko kuwa ya bar ta tana ja a ƙasa? Wannan kuwa ba a saninsa sai an karanta, littafi littafi.

In wani ya ce, to, kana nufin duk na ƙwarai ne? Sai in ce a'a, ko kusa. Akwai na banza, kuma da yawa. Akwai wanda aka rubuta cikin gaggawa, Hausarsa a karye, ba a san inda zance ya tsaya ba. Akwai wanda ba ya koya wa yarinya kome sai kwaɗayin mota da gidan bene da miji mai kamfani. Akwai kuma na batsa tsagwaronta, wanda marubucinsa ya ɓoye sunansa don ya san abin da ya aikata. Waɗannan ina ƙinsu kamar yadda ku ke ƙinsu. Amma a kasuwar hatsi ma akwai mai algus, ba mu taɓa jin an ce a rufe Dawanau saboda shi ba. Kama shi a ke yi, a faɗi sunansa, mutane su guje shi, mai gaskiya ya ci gaba da awo.

An gwada wuta, mun kuwa ga abin da ta haifa. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Kano ta tara littattafan da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta, aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Shin karatun ya tsaya? Bai tsaya ba. Bayan 'yan shekaru labarun suka bar takarda suka shiga wayar hannu, ana tura su shafi shafi ta WhatsApp, ana biya ta banki, wasu kuma ana karanta su da murya mutum ya saurara. Littafin takarda yana da sunan marubuci a bango, uwa tana iya tsintarsa ƙarƙashin matashin kai ta duba, ɗan kasuwar da ya sayar da shi an san rumfarsa. Na cikin waya ba shi da bango, ba shi da rumfa, kuma a nan ne batsar ta fi samun wurin ɓuya. Wanda ya kori abu daga tsakar gida inda ya ke ganinsa, ya tura shi ɗaki mai duhu, kada ya ce ya yi gyara. Ga kuma darasin da yarinyar ta ɗauka ranar da ta ga manya sun taru suna ƙona littafi: ta koyi cewa karatu laifi ne da a ke yi a ɓoye. Alhali kuwa mu ne kullum mu ke kukan cewa mutanenmu ba su son karatu.

Saboda haka ga shawarata, kashi huɗu.

Ta farko ga iyaye da malamai. Kada ka hana littafin da ba ka karanta ba. Karɓi na hannun 'yarka, ka ba shi dare biyu, sa'an nan ka kira ta ku yi zancensa: me ya sa wance ta yi kaza, daidai ta yi ko kuskure? Za ka ji daga bakinta abin da shekara goma ba ta gaya maka ba. In kuwa ka iske na banza ne, ka nuna mata inda ya ɓaci, ka sa mata wani a hannu. Hannun da aka ƙwace wa abu aka bar shi wofi, wani abin zai ɗauka.

Ta biyu ga marubuta, maza da mata. Jama'ar da ke karanta ku amana ce. Ku gyara Hausarku, ku ba wani ya duba kafin ku fitar, ku sa sunanku na gaskiya a kan abin da kuka rubuta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata ta nuna cewa in an sa ma'auni, akwai alƙaluman da za su cika shi.

Ta uku ga masu ba jama'a labarin littattafai, a rediyo ko a jarida ko a majalisa, masu son mutane su taru su saurare su. Na ga yadda waɗansunku su ke neman jama'a: ko wane littafi ya fito sai ku ce ba a taɓa yin irinsa ba, don marubucin abokinku ne, ko don ya ba ku na goro, ko don kuna tsoron masoyansa. Wannan roƙo ne, kuma maroƙi ya kan tara mutane ranar biki kaɗai. In kuna son jama'ar da za ta zauna, ku karanta littafi har ƙarshe kafin ku buɗe baki. Ku faɗi sunansa da na mai shi, ku faɗi inda ya yi kyau da inda ya gaza da dalili, ku faɗi ko ya dace da yarinya 'yar shekara goma sha uku ko sai babba. Ku riƙe lokaci ɗaya kada ku saɓa, ko da sau ɗaya ne a mako. Ranar da mace ta sayi littafi da kuɗin cefanenta saboda maganarku, ta iske yadda kuka faɗa haka ya ke, ta zama taku, kuma za ta kawo maƙwabciyarta. Da haka mai awo na gaskiya ya ke tara masu ciniki, sannu sannu, ba ya kuwa rasa su.

Ta huɗu gare mu duka masu karatu. Mu biya kuɗin abin da mu ke karantawa. Wanda ya kwafi littafin wata ya raba wa mutum ɗari kyauta ya ci guminta, ko da bai taɓa aljihunta ba. In marubucin kirki bai sami na takarda da tawada ba zai bari, filin ya zama na masu batsa, don su kullum da mai biyansu. Kuma ko wace unguwa tana iya haɗa mutum goma, maza daban mata daban, su sayi littafi ɗaya ko wane wata, ya zagaya, su zauna su tattauna. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa, kamar yadda a ke yi da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo sa'ad da ta fara fitowa a 1939.

Wanda ya ga kuskure a cikin maganata, ƙofa a buɗe ta ke, ya rubuto. Sharaɗina ɗaya ne: ya zo da sunan littafi da lambar shafi, ni ma in zo da nawa, jama'a su yi mana alƙalanci. Wanda kuwa zai zo da "an ce", ya huta da ɓata tawadarsa.